Amsar tambayar Kawu kan jerin ƙasashe masu rauni

Assalamu alaikum jama'a. Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ka ce yaya za a yi a saka Najeriya cikin ƙasashe masu rauni, kuma a ce an ɗaga darajarta a wajen masu ba da bashi, wanne ne ƙarya a ciki? To, duka gaskiya ne, kowa da mudun da yake awo da shi.

Jerin ƙasashe masu raunin nan, wata cibiya ce a Amurka, Fund for Peace, ta fara fitar da shi a 2005. Abubuwa 12 suke dubawa: tsaro, 'yan gudun hijira, gaba tsakanin al'umma, rigimar manyan 'yan siyasa, ko gwamnati na iya samar da ruwa da asibiti, da sauransu. Kowanne maki 10, jimla 120. Kuma ku lura fa, a nan wanda ya zo na ɗaya shi ne ya fi shiga uku. A 2024 Somaliya ce a sama, Sudan na biye da ita, Norway ce can a ƙarshe, mu kuma muna cikin 20 na farko.

Su kuwa Fitch da Moody's, kamfanonin da ke auna darajar ƙasashe wa masu ba da bashi, ba ruwansu da ko ka ci tuwon dare. Tambayarsu ɗaya ce, in an ba gwamnati bashi za ta biya? Da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500. Mu muna salati, su suna murna, don kuɗi ya ƙaru a aljihun gwamnati. Shi ya sa a 2025 Fitch ta ɗaga mu daga matakin B- zuwa B, Moody's ma ta ɗaga. Amma kada a yi guɗa tukuna, B ɗin nan har yanzu layin waɗanda ake ba bashi ana ɗari-ɗari ne.

Hauhawar farashi ma haka. A Disamba 2024 ta kai kashi 34.8, a Janairu sai aka ji 24 da ɗoriya. Hukumar ƙididdiga ce ta sauya tsarin lissafi, ba wai mai shinkafa a Kasuwar Bacci ya rage ko sisi a ranar ba.

Ni dai a nan Kaduna jeri na farkon ya fi damuna. Wanda zai zo ya farfaɗo da masaƙun Kakuri, wuta zai tambaya, da ko motarsa za ta wuce hanyar Birnin Gwari lafiya. An sake buɗe kasuwar shanun can a ƙarshen 2024, wannan kam na ga amfaninsa.

Batun masarar da kake son ajiyewa kuma, Kawu, a fara jin ta bakin direbobin Saminaka kan farashin buhu. Zan kira ka bayan Isha'i in sha Allah.