Abin da kika faɗa daban, abin da ya ji daban

'Yar'uwa, tun da safe na ga tambayarki na wuce, amma zuciyata ta ƙi barinta. Kin ce kina karɓar oda ta waya, ku rabu lafiya da kwastoma, ranar da kaya suka isa hannunsa ya ce ba haka kuka yi ba. Kin ce yaran aikinki biyu ma sai ki sa su abu su yi wani daban, har ta kai in waya ta yi ƙara gabanki faɗuwa yake. Kika tambaya ko bakinki ne bai iya bayani ba, ko kuwa mutane ne ba su da gaskiya. Wannan faɗuwar gaban na san ta, na kwana da ita na tashi da ita wata da watanni.

Ina shekara ta huɗu da fara ɗinkin kayan makaranta aka kawo min odar da ban taɓa samun irinta ba, riguna 300 da wandunansu da siket. Ba da shugabar makarantar na yi magana ba, wani mutum ne ya shiga tsakani, wai shi ke kula musu da sayayya. Sau uku muka yi waya, in an haɗa duka ba su kai minti goma ba. Ya ce shuɗi. Na ce shuɗi irin wanda makarantu suka saba? Ya ce, "Eh, eh, ai kin gane." Ya turo kafin alƙalami, na ci bashi na cika, na sayo yadi shuɗi mai duhu. Kwana 19 muna kan keke ni da teloli huɗu, wani lokaci sai an kira asuba muke kashe fitila.

Ranar kai kaya shugabar ta buɗe buhun farko, ta zaro riga ɗaya, sannan ta jawo durowa ta fito da tsohuwar rigar ɗalibai ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur. Tasu ruwan sararin samaniya ce. Ba ta ce komai ba, ta dai ɗago ta kalle shi. Shi kuwa yana tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ce, "Ai na gaya mata mai haske, har sau biyu na maimaita." Wallahi bai faɗa ba. Ko kallona bai yi ba. Na fito da waya hannuna na rawa ina neman abin da zan nuna, na bi hirarmu daga sama har ƙasa, babu komai sai gaisuwa da "ina hanya" da "an gode". Duk maganar da ta shafi kaya a kira aka yi ta, iska ta tafi da ita. Har yau in na ji ƙarar makulli a hannun mutum sai na tuna tsayuwar nan. Da ya ce ya manta, da na haƙura tun ranar, kowa yana mantuwa. Amma ya san akwai mutum huɗu da ke jiran ladan aikinsu a wajena, ya san da bashi na sayo yadin don ni da bakina na gaya masa, ya zaɓi ya wanke kansa da ni. Da muka fito na tare shi na ce ka ji tsoron Allah, sai ya ce wai in rage murya kada in zubar masa da mutunci. Bai sake ɗaga wayata ba. Na yafe masa kuɗin, amma ƙaryar nan har yanzu ina fama da zuciyata a kanta.

To amma tambayarki ta farko, ko laifin bakinki ne, dole in ba ki amsar da ni ma ban so jinta ba a lokacin. Da na ce "irin wanda aka saba", na ba shi ƙofa. Kalmar shuɗi ta ɗauki launi goma. Tun daga ranar ba na yanka yadi sai na yanki ƙyalle biyu daga bandir ɗin, kwastoma ya sa hannu a kan ɗaya na riƙe, ya tafi da ɗaya. Kada ki dogara da hoto wajen launi, allon kowace waya da yadda yake nuna shi, hasken ɗaki ma yana canza shi. Gani ya kori ji, amma ganin abin a hannu.

Abin da ya fi taimakona kuma shi ne sa mutum ya maimaita. "Ka gane?" ba tambaya ba ce, kowa eh zai ce, musamman yaron da ke cin abinci a ƙarƙashinki, kunya ba za ta bar shi ya ce bai fahimta ba. Ki ce masa, "Faɗa min me za ka yi." A nan za ki ji inda maganar ta karkace. Matuƙan jirgin sama haka suke yi, duk muhimmin umarnin da hasumiyar filin jirgi ta ba su sai sun karanto shi a ji. A 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu, kuma cikin dalilan akwai cewa matuƙi ɗaya ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Bayan nan aka ƙara tsaurara kalmomin da ake amfani da su. In ƙwararru irin waɗannan ba su yarda da "ai ya gane" ba, ina ga ni da ke da yaran shago? Kuma ki daina jero musu aiki biyar a tsaye kina saurin fita. Biyun farko kawai za su riƙe.

Sannan rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuwa sai mu ga kamar in mun ce a rubuta mun zargi mutum. Ni yanzu duk wayar da na gama da kwastoma, kafin in ajiye nakan ce masa zan turo abin da muka tsayar. In rubuta adadi, launi, girma, ranar karɓa, abin da ya biya, abin da ya rage, da wanda zai biya kuɗin kai kaya. In ce ya amsa da "na amince". In bai amsa ba, almakashi ba ya taɓa yadi. Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan, daɗi ma suke ji. Ranar kuma ki rubuta ta da suna, Talata kaza ga wata kaza. "Ƙarshen wata" da "mako mai zuwa" sun haɗa ni faɗa da mutanen kirki. In da 'yan ƙasar waje kike hulɗa ki kula, 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu.

Saƙon murya ki bar shi wa gaisuwa. Ba a iya binciko kalma a cikinsa cikin sauƙi ranar rigima, kuma mutane suna saurara ne rabi da rabi suna wani aikin. Ki sani kuma a WhatsApp mutum yana iya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana iya goge shi daga wayoyinku duka cikin kwana biyu, akwai kuma saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90. Da zarar an ce "na amince", ki ɗauki hoton allon ki adana.

Ban gama miki labarin ba, kuma ragowar ya fi min ciwo don wannan karon ni ce. Shugabar ta tausaya min ta ba ni mako biyu in sake rigunan. Na yi odar sabon yadi ina lissafi da mita, mai sayarwa ya auna da ma'aunin yadi. Yadi ɗaya bai kai mita ba, a duk ɗari ana rasa fiye da mita takwas. Kaya suka gaza, na san ba zan cika alkawari ba tun saura kwana biyar. Maimakon in kira ta, sai na yi ta cewa gobe zan samu mafita. Ranar ta zo na kashe waya. Kwana uku tana kashe. Ina zaune a ɗaki ina kuka, ita kuma tana can iyaye sun tsaya mata a kai ba ta da abin da za ta gaya musu. Da na je daga baya ta ce min, "Launin nan na san ba ke kaɗai ba ce. Amma da kin kira ni da na san yadda zan yi da iyayen yara." Ba ta sake ba ni aiki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Don haka wayar nan da kike tsoro, ke za ki riga kira. Ranar da kika hango matsala, ranar za ki faɗa, ki haɗa da sabuwar rana wadda kika tabbata za ki iya, ba wadda za ta faranta wa kwastoma rai ba. Zai yi faɗa, ki bar shi ya gama, kada ki katse shi da bayani. Hadisin Hakim bin Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna in mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe ta. Ni da na ɗauka aibin kaya kawai ake nufi, sai da na gane jinkirin da na ɓoye ma ɓoyewa ne.

Af, da 'yan'uwa da ƙawaye ma ki rubuta, su ne ma suka fi. Bare in kun saɓa kowa ya kama gabansa, amma ɗan'uwa sai maganar ta shiga gidaje. Kuma in ranki a ɓace yake kada ki amsa saƙo, magana zarar bunu ce, wanda kika rubuta cikin fushi shi za a yi ta yawo da hotonsa.

Shi wannan kwastoman da kika ce ya daina ɗaga wayarki, kada ki ƙara kiransa yau. Rubuta masa gajeren saƙo: ga abin da na fahimta mun yi, ga abin da na kawo, gaya min inda ya saɓa da abin da kake so, ga gyaran da zan iya yi da ranar da zan gama. Kada ki sa "amma ai kai ka ce". Ki ba shi kwana biyu. In ya amsa, turo min abin da ya ce mu duba tare kafin ki mayar masa. Allah ya warware miki, ya sa ki fita da kuɗinki da mutuncinki.