Haɓar da ta koma ƙirji

Ka tambaye ni wace fata za ka dasa wa yaron nan ɗan shekara 4 da tafasasshen ruwa ya ƙona har haɓarsa ta manne da ƙirji, siririya daga cinya ko mai kauri. Zauna, ɗana, ka fama mini tsohon miki.

Ina sabon hannu a aikin tiyata aka kawo mini wata yarinya da kunu ya kwaro wa daga kan murhu. Leɓenta na ƙasa ya zazzago, yawu na dalala, in za ta dube ka sai dai ta ɗaga ido, kai ba ya ɗaguwa. Mai allurar barci ya yi gumi, bututun numfashi ya ƙi shiga sai da na fara tsaga tabon wuya ya miƙe. Na yanko siririyar fata daga cinya don ita ce mai saurin kamawa. Ta kuwa kama tsaf, na yi ta cika baki.

Bayan wata 8 aka dawo da ita, haɓa a ƙirji kamar ban taɓa sa wuƙa ba. Ashe tun satin farko kakarta ta cire kwalar da na sa mata don ta riƙe wuyan a miƙe, wai tana shaƙe mata jika. Uban ya tsaya gabana yana rantsuwa wai da kwalar yarinyar take kwana, ga ta a leda sabuwa fil, ko dauɗar wuya babu. Ƙaryarsa ta ƙona mini rai, amma ni ma ban taɓa zama da tsohuwar na yi mata bayani ba. Har yau abin na cina.

Siririyar fata tana tsukewa sosai, a wuya kuwa ba ta yafiya. Ɗauko mai kauri daga matsematsi, ko ka juyo fatar saman kafaɗa da jijiyar jininta. Yadda ake yanka da ɗinki ba zan ɓata bakina ba, ka sani.

Ku yaran yanzu da kun ɗauki hoton aiki a waya shi ke nan kun gama. Kwala dare da rana, wata 6 aƙalla. Ka faɗa wa iyayen tun yau cewa yaro na girma, tabo ba ya binsa, wataƙila a sake komawa tiyata. Kuma kafin ka sa ranar aiki, ka aika a kira mini kakarsa.