Tafiyar Ƙafa a Saman Gaɓar Teku: Amsa ga Wani Bakano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gwammaja ne, na sami gurbin ƙaro karatu a Brighton ta ƙasar Ingila, kuma in Allah Ya yarda a watan Satumba za mu tafi ni da maiɗakina. Na ga hotunan wasu fararen duwatsu a bakin teku kusa da garin, mutane suna tafiya a samansu, wurin shiru ba hayaniya, abin ya shiga raina ƙwarai. To amma mu biyun ba wanda ya taɓa ganin teku, kuma Hajiyarmu tun da ta ga hoton ta ce ba da yawunta ba. Shin akwai haɗari? Wane shiri zan iya yi tun ina Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa a tafi a sa'a. Wurin da ka gani sunansa Seven Sisters, wato 'yan'uwa mata bakwai, yana tsakanin garin Seaford da Eastbourne, gabas da Brighton. Ilimin duwatsu na karanta, kuma lokacin da nake zaune a yankin na taka hanyar nan a rani da damina, don haka zan gaya maka abin da na sani tsakani da Allah. Ku je, wurin ya cancanci a je. Ita ma Hajiya tana da gaskiyarta, akwai abin tsoro, sai dai ba a inda yawancin baƙi ke zato yake ba.

Baƙo yakan ji tsoron tsayin wurin ne. Mafi tsawo a cikin bakwai ɗin mita 77 ne, kuma in ka ci gaba gabas za ka isa Beachy Head mai mita 162, kamar bene mai hawa 50, wanda duk Birtaniya babu gaɓar alli da ta kai shi. Amma tsayi ido yana ganinsa, jiki kuma da kansa yake ja da baya. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma a nan ne tarbiyyarmu ta Kanawa za ta iya yaudarar mutum. Mu da muka taso muna hawa Dala da Goron Dutse mun saba da marmara mai tama a ciki, ka tsaya a gefe ka hango Kurmi da masallacin gidan Sarki, ba ka taɓa tunanin abin da ka taka zai gudu ya bar ka ba. Wancan kuwa alli ne, ɗan'uwan wanda muka yi rubutu da shi a allon firamare. Ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne da suka taru a ƙasan teku fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce. In ka tsinci gutsure ka murza, hannunka zai yi fari fat. A jikin bangon za ka ga baƙaƙen layuka a jere, wannan dutsen ƙyastu ne, shi ne mai taurin, sauran duk garas-garas yake.

Ta fuska biyu ake cin wannan bango. Daga ƙasa igiyar ruwa tana dukan gindinsa dare da rana tana rarake shi. Daga sama ruwan sama yana bin tsagogi yana shiga ciki, in sanyi ya yi tsanani ya daskare ya buɗa tsagar. Saboda haka sai ka ga ciyawa kore shar, a shimfiɗe kamar darduma har bakin gaɓa, alhali ƙarƙashinta rami ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gaɓar kogin Challawa ke zabtarewa bayan damina, ko yadda ramin masu haƙar ƙasa ke ruftawa da mutane, ya san irin abin da nake faɗa. Ba ya sallama, kuma ba sai ana ruwa ba, da rana tsaka ma yana faɗuwa.

Wata kaka na tsaya kusa da Birling Gap, wani wuri a kan hanyar da ke da matakalar sauka bakin ruwa, na ga wata tsaga a cikin ciyawa, faɗinta bai fi a zura hannu ba, tana tafiya a miƙe kamar taku uku daga baki. Mutane suna tsallake ta suna zuwa ɗaukar hoto, har da mai goyo. Da na koma bayan sanyi ya wuce, sai na tarar tsagar ita ce ta zama sabon baki, wurin da suka tsaya ɗin nan yana can ƙasa, tulin farin ɓaraguzai, ruwan da ke kewaye da shi ya yi fari kamar an dama koko. In kuna son shaida tun kafin ku je, nemi tarihin Belle Tout, tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke kan hanyar. A 1999 sai da aka ɗaga ginin ɗungurungum aka ja shi baya mita 17 saboda gaɓa ta kusa cim masa. Tsofaffin gidajen masu gadin teku da ke Birling Gap kuwa ɗaya bayan ɗaya ake rushe su kafin su rufta.

Don haka ƙa'idata ita ce kada ku kusanci baki ƙasa da mita 5, wato manyan taku shida ko bakwai, kuma in akwai iska ku ninka. Mafi yawan hanyar babu shinge ko waya, filin kuwa yana da faɗi sosai, ba abin da zai tilasta muku matsawa. Hoton da ya fi kyau ma ba daga baki ake ɗaukarsa ba, daga Seaford Head ne, tudun da ke gefen garin Seaford, inda za ka hango duwatsun a jere gaba ɗaya. Haka nan in kun sauka bakin ruwa kada ku zauna a gindin bangon don neman inuwa, abin da ke faɗowa daga sama nan yake sauka.

Sai iska. Iskar bakin teku ba irin ta hunturu ba ce mai busawa a jere, tana zuwa ne da fizga, ta lafa, ta sake turo mutum ba shiri. Ka bar babbar riga da hular zanna a gida. In kuma ka sa hula iska ta ɗauke ta, ka yi mata bankwana, kada ka bi ta ko taku ɗaya. Maiɗakinka ta sa ƙaramin hijabi wanda za ta cusa cikin rigar sanyi, domin dogon hijabi ko gyale yana kumbura ya ja mutum, yana kuma rufe fuska a daidai lokacin da ake bukatar ganin gaba. Akwai wani abu da ba mai gaya wa ɗan Arewa: Turawa suna yawo da karnuka a hanyar, da yawa a sake. Kare zai rugo ya shinshina ƙafarka, mu kuwa ba mu saba ba, sai mutum ya yi tsalle da baya bai duba inda yake ba. Ku yi wannan maganar tun a gida, ku shirya cewa in kare ya taho za ku tsaya cak, in kuma za a kauce to ɓangaren tudu za a kauce. Yawanci iskar daga kudu maso yamma take tasowa, shi ya sa na fi son a fara daga ɓangaren Seaford a nufi gabas, tana bayanku tana tura ku. Ku duba hasashen Met Office, hukumar kula da yanayi ta Birtaniya, da safen ranar, in an ce iska mai ƙarfi ko hazo, a ɗaga tafiyar.

Teku kuma yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A wannan yanki bambancin cika da janyewa yakan kai mita 6, idan ya cika kuwa har gindin bangon yake zuwa. Mutum ya sauka ta matakalar Birling Gap ya ga fili, ya yi ta tafiya yana tsintar duwatsu, ya waiwayo ya tarar ruwa ya datse hanyar komawa, bangon kuma ba ya hawuwa. A nan lissafin watanmu zai yi maka amfani, domin cikowa mafi girma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren 14 ko 15. Duk da haka a duba jadawalin cikar teku na ranar a intanet. Idan wani abu ya faru, da ku ko da wani, a kira 999 a ce a haɗa ka da Coastguard, su ne masu ceto a gaɓar teku.

Game da tsawon tafiya, daga Seaford zuwa Eastbourne ya haura kilomita 20, yini guda ne cur, ban ba ku shawarar ku fara da shi ba. Ku hau bas mai lamba 12 daga Brighton ku sauka a Exceat, ku bi gefen kogin Cuckmere har bakin teku, ku hau 'yan'uwan ɗaya bayan ɗaya zuwa Birling Gap, kamar kilomita 6 ke nan. Akwai wurin shan shayi da banɗaki a can. Daga nan ku taka zuwa ƙauyen East Dean ku sake kama bas ɗin. Duk ranar da kuka taso daga Seaford, kada ku ce za ku ratsa bakin kogin da ƙafa don rage hanya, ku zagaya ta gadar Exceat.

Kilomita 6 a Kano ba komai ba ne, amma can hawa ne da gangara ba hutawa, kuma gangarar ce ke cin gwiwa. Shirin da ya fi shi ne matakalar Dala. Ku je bayan asuba sau biyu ko uku a mako, ku hau ku sauko, ku sake, har ku iya yi sau huɗu ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ranar Asabar kuma ku bi gefen badala daga Ƙofar Nasarawa, ku wuce Ɗan'agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya har Kabuga, da 'yar jaka a baya. Takalmi kuwa ku leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ku juya shi ku duba ƙasansa, wanda haƙoransa suka yi zurfi shi ne naku, domin jiƙaƙƙen alli santsinsa kamar miyar karkashi. Ku sayi wanda ya ɗan fi ƙafa girma saboda safa mai kauri, kuma da shi za ku riƙa hawa Dala, kada ranar tafiya ta zama ranar da kuka fara sa shi. Rigar ruwa ku bari ku saya a can. Lema ba ta da amfani a wurin, iska za ta juye ta. Guzuri, dabino da gyaɗa da ruwa lita ɗaya da rabi kowannenku sun isa. Kada Hajiya ta ɗaure muku kilishi, doka ta hana shiga Birtaniya da nama daga nan, a filin jirgi za a karɓe.

Shirun da kake nema yana nan, amma sai an zaɓi lokaci. Asabar da Lahadi a lokacin zafi wurin cika yake maƙil, musamman Birling Gap da motoci ke isa. Ku je ranar Talata ko Laraba da sassafe, a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Da kun yi nisan rabin awa daga inda ake ajiye motoci mutane za su ragu, ba abin da za ku ji sai iska, da kukan tsuntsayen teku, da tumaki suna kiwo, da wani gurnani daga can ƙasa idan igiya ta ja tsakuwa ta koma. Ga wanda ya tashi cikin ƙarar adaidaita sahu da janareta, wannan shirun har nauyi yake yi a kunne da farko, daga baya ƙirji ya buɗe. Ni a can na fi jin daɗin tasbihi. Sai dai inda babu mutane babu mai kawo ɗauki da wuri, waya kuma takan rasa sabis a cikin kwari. Ku gaya wa wani inda za ku da lokacin dawowa, ku cika cajin waya. Ku kuma lura da rana: a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma magariba ta yi.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Ku fita da alwala, ku riƙe 'yar gora ta daban. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, wato idan ka fuskance ta teku yana gabanka ta hannun dama, saboda haka ku koma can cikin fili nesa da baki kafin ku shimfiɗa abin salla, ku danne gefensa da jaka don iska.

Ita kuma Hajiya, kada ka yi mata gardama. Ka zauna ka karanta mata wannan amsa, ka yi mata alkawarin taku bakwai ɗin nan da bakinka, ka ce za ka kira ta ta bidiyo daga Seaford Head ta ga inda kuka tsaya da idonta. In ta amince ta sa albarka, ku je. In ta ce a dakata, ku fara da yawo a bakin ruwan Brighton, inda hanya take a shimfiɗe da ƙarfen kariya, kuna aiko mata da hotuna har hankalinta ya kwanta, sannan ka sake neman izininta kafin sanyi ya shigo.