Tambaya da Amsa: Cin Abinci a Bakin Teku Ga Mai Zagayen Tsibiran Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin yin hutun kwana goma a Zanzibar, za mu sauka a Unguja, mu leƙa ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi, sannan mu ƙarasa Pemba. Maigidana yana da hawan jini, ni kuma likita ya ce sugana ya fara hawa. Tunda duk abincinmu a gidajen abinci na bakin teku za mu ci, me za mu zaɓa, me kuma za mu ƙaurace wa? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya. Abin da zan fara kwantar miki da hankali a kai shi ne, kifin teku yana cikin abinci mafi dacewa da ku duka biyun, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Inda matsala take ɓuya shi ne tsawon lokacin da kifin ya yi a ajiye kafin ya iso gabanku, da kuma abin da aka haɗa shi da shi a faranti.

Mu da muka tashi a kan tarwaɗa da ƙarfasa da bandar kifi ba mu saba da yadda kifin teku yake saurin lalacewa a cikin zafi ba. Akwai kifaye masu jan nama, irin su tuna wanda mutanen can suke kira jodari, da idan aka bar su ba ƙanƙara na wasu awowi sai wani sinadari mai suna histamin ya taru a jikinsu, kuma wuta ba ta kashe shi ko da an gasa kifin har ya ƙone. Wanda ya ci zai ji yaji-yaji a baki kamar an zuba barkono, fuskarsa ta yi ja, kansa ya riƙa sarawa, sau da yawa kafin awa ɗaya ta cika. Saboda haka kada ki ji nauyin cewa a nuna miki kifin ɗanye kafin a ɗora shi a wuta, domin a ƙauyukan masunta kamar Nungwi da Jambiani wannan ba baƙon abu ba ne. Ki duba idonsa ya kasance garau, cikin kunnensa ja, namansa kuma idan kika danna da yatsa ya dawo yadda yake. Idan mai abinci ya fara kame-kame, ku nemi wani wurin.

Da yamma kowane baƙo yana zuwa dandalin Forodhani a Stone Town, tsohon garin Zanzibar da ke Unguja, inda ake jera tebura cike da tsiren kifi da jatan lande da ƙaguwa da pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas. Wurin ya cancanci a gani, amma a ra'ayina ba nan ne za ku ƙoshi da abincin teku ba, domin yawancinsa an riga an dafa shi tun da farko, ɗumama shi kawai ake yi idan mai saye ya nuna, kuma ba ki da hanyar sanin tun yaushe yake kan teburin. Abin da aka fara dafawa a gaban idonku ya sauko da zafinsa, shi za ku ci. Wannan ƙa'idar ita ce ta tafiye-tafiyen yini da ake kai mutane tsibirin Changuu ko tudun yashin Nakupenda, inda masu kwale-kwale suke gasa kifi a kan rairayi: gasasshe mai zafi babu laifi, amma salatin da ya wuni a rana da shinkafar da ta huce tun safe, ku bar su.

Game da hawan jinin Alhaji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, alhali faranti ɗaya na gidan abinci yana iya cinye mafi yawan wannan kason. Ku ce a gasa kifin da lemun tsami da tafarnuwa da citta, a rage gishiri, a kawo miya a gefe. Kalmomi biyu na Swahili, harshen mutanen can, za su yi muku amfani ƙwarai: chumvi kidogo, ma'ana gishiri kaɗan. Girkin mutanen Zanzibar ya dogara sosai a kan madarar kwakwa, kamar samaki wa kupaka, kifin da ake shafe shi da miyar kwakwa, wanda daɗinsa ba a magana, sai dai madarar tana da kitse mai nauyi, don haka sau biyu ko uku a tafiyar ya wadatar.

Ke kuma, Hajiya, abin da zai ɗaga miki suga yana gefen kifin ne: tulin shinkafar pilau ko biriyani, da capati (wata gurasa), da mandazi (mai kama da fanke), da soyayyen dankali da ake haɗawa da kusan komai. Ki ce a musanya dankalin da mchicha, wanda shi ne alayyafonmu, ko da wake, ki ci shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki. Ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami suga ne zalla, ko da mai sayarwa ya rantse bai ƙara komai ba. Ruwan ɗanyar kwakwa, madafu, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a gabanki ake fasa ta, amma shi ma guda ɗaya ya isa a yini. Sauran abin sha ya zama ruwan gora da ke a rufe, a shayi ku ce bila sukari, wato ba suga, ba ƙanƙarar da ba ku san asalin ruwanta ba. A otal-otal na masu yawon buɗe ido kuma ku riƙa tambaya ko an saka giya a miyar, tunda wasu masu girki irin na Turai suna yin haka.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa, musamman da yake za ku Pemba: kada ku ɗanɗana naman kunkurun teku ko da a gidan mutunci aka ba ku. A watan Maris na 2024 yara takwas da babba ɗaya sun rasu a tsibirin Panza da ke yankin Pemba bayan sun ci shi, an kuma kwantar da mutum 78 a asibiti, kuma irin haka ta faru a Pemba a Nuwamban 2021. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗanon da za a gane ta da shi, dahuwa kuma ba ta kawar da ita.

Idan ɗayanku bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, ya fara da kaɗan, kuma a Stone Town inda asibiti yake kusa, kada ya fara a wani tsibiri da sai an jira kwale-kwale. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi abu ne na gaggawa.

Ranar shiga jirgin ruwa zuwa Pemba, tafiyar da ke ɗaukar awowi kuma teku kan yi tsauri tsakanin Yuni da Satumba, ku karya da abu mara maiƙo kamar burodi da dafaffen ƙwai da ayaba. Kada ki ƙi cin abinci don tsoron amai idan kina shan maganin suga, domin hakan yana iya sa sugan ya faɗi a tsakiyar ruwa. Ki riƙe dabino uku ko huɗu a jakarki saboda wannan, tare da magungunanku da ƙunshin gishiri da suga na maganin gudawa, duk a jakar hannu.