Tambayoyi da Amsoshi: Aikin Tarihi Tsakanin Marwa, Ngaundere da Injamena

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a Marwa, ƙasar Kamaru. Mun haɗa kai da abokan aiki a Ngaundere da Injamena muna tattara tsoffin takardun ajami da hirarrakin dattawa, don ɗalibanmu su yi nazari a kansu. Komai a WhatsApp muke tura wa juna. Wace na'ura ko manhaja za mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ku sayi komai tukuna. Abin da ya tayar mini da hankali a saƙonka shi ne WhatsApp ɗin nan. In ka tura hoto yadda aka saba, manhajar tana matse shi don ya yi saurin tafiya, kuma a nan ne ɗigon da ke raba ba da ta yake dushewa, wasalin da aka yi da jar tawada ya koma tabo. In ya zama dole, a tura ta wurin da aka rubuta Document, hoton zai isa yadda aka ɗauke shi. Amma WhatsApp ba rumbu ba ne. Waya ɗaya ta faɗa ruwa, aikin shekara ya tafi.

Wayar da ke hannunku za ta iya ɗaukar hoton. A shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa, a kashe fitilar waya, a riƙe ta daidai saman takardar, a ajiye rula a gefe don a san girman shafin. Littattafanmu na cikin gafaka ba ɗinkakku ba ne, ganye-ganye suke, saboda haka a gargaɗi ɗalibi kada ya sauya musu jeri. Ya kuma tabbata kalmar nan ta ƙasan shafi, wadda ke nuna farkon shafi na gaba, ta fito a hoton.

Babban aikin yana wurin sa wa hotunan suna. Ku zauna, ku uku, ku yarda da tsari guda: MRW-012-003 ya zama Marwa, littafi na 12, shafi na 3, su ma sauran su bi haka da harufan garinsu. Kowane littafi a rubuta harshensa, garin da aka samo shi, ranar ɗauka, da ko mai shi ya yarda a nuna wa jama'a. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, gadon mutane ne, kuma ya kamata a mayar musu da kwafi. Manhajar Tropy kyauta ce, an yi ta don hotunan takardun bincike, tana aiki ba intanet.

Muryar dattawa a ɗauke ta a WAV, wato tsarin ajiye sauti da ba ya matse shi. Awa guda kan kai megabayit 600 in an ɗauka da bakin sauti biyu, don haka asalin ya zauna a ma'ajiya, a tura wa ɗalibai MP3. Wajen rubuta hirar, manhajar ELAN ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan tana jera magana da fassararta daidai da daƙiƙar da aka faɗe ta, Fulfulde a layi ɗaya, Hausa ko Faransanci a ƙasa. Sannan kowane gari ya riƙe cikakken kwafi a faifan ajiya. Zafin Afrilu a Marwa yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta, faifai ɗaya ba abin dogaro ba ne.

Darasin bidiyo kai tsaye tsakanin garuruwa uku yana cin data, yana kuma yankewa. Ni na fi son a naɗi darasi da murya, a ɗora a Moodle (dandalin koyarwa ta intanet), a haɗu kai tsaye don tambayoyi kawai. In kuna neman tallafi, ku duba shirin Endangered Archives (ceto takardun tarihi da ke cikin haɗarin ɓacewa) na Laburaren Birtaniya, wanda tun 2004 yake ba da kuɗin irin wannan aiki.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Garwa. Kwamfuta za ta iya karanta mini ajami ta mayar da shi boko?

Amsa: 'Yar'uwa, ba da kanta ba. Manhajoji irin su Transkribus da eScriptorium suna koyon rubutun hannu, amma sai mutane sun fara kwafe shafuka da yawa layi-layi sun ba su. Hannun malaman yankinmu ya bambanta da Larabcin ɗab'i, kuma kowane marubuci da yadda yake nuna ɓ da ɗ. Shi ya sa aikin ya fi ƙarfin jami'a ɗaya: masu ƙarfin Larabci a Jami'ar Sarki Faisal ta Injamena su kwafe, masu Fulfulde da Hausa a Ngaundere da Marwa su duba musu. Ke kuma ki sa allon rubutu na Hausa a manhajar Gboard ta waya, a kwamfuta ki sa manhajar Keyman, don ƙ da ɗ da ɓ su shiga daidai. In kin rubuta k a madadin ƙ, ranar da za a nemi kalmar a cikin shafuka dubu ba za ta fito ba.