Ko ya dace a sayi tsohuwar motar Jensen Interceptor domin a farfaɗo da ita?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sayi Jensen Interceptor ƙirar 1973 da aka sa a kasuwa a Ingila bayan ta daɗe a ajiye, tunda mai ita ya ce injin yana tashi. A ganina, kada tashin injin ya ruɗe ka. Waɗannan motocin, da aka ƙera a garin West Bromwich na Ingila tsakanin 1966 da 1976, suna ɗauke da injin V8 na Chrysler daga Amurka, mai lita 6.3 da farko, daga baya 7.2, kuma shi da giyarsa suna da juriya, kayan gyaransu ma ba su da wuyar samu.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne bodi. Na ƙarfe ne, kuma damshin Ingila da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin sanyi suna haifar da tsatsa a ƙasan ƙofofi, da daɓen motar, da kewayen babban gilashin nan na baya, wanda shi ne kyanta. Da yake da hannu aka haɗa yawancin sassan bodin, sabon ƙarfe ba ya zama daidai sai ƙwararren mai walda ya yi ta gyara shi, kuma ladan irin wannan aiki a can yakan wuce kuɗin sayen motar.

Saboda haka ka sa a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta, a gwada bodin da maganaɗisu domin gano inda aka cike da foti, sannan a tabbatar lambar shasi ta dace da takardu kafin ka yi tayi.