Manhajata na mutuwa cikin dare a kan saba (server), ya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka ta Node.js na mutuwa cikin dare, Nginx, manhajar da ke karɓar masu shiga shafinka ta miƙa su ga manhajarka, na nuna lambar kuskure 502, ba ka sani sai kwastomomi sun kira da safe. Wannan lambar na nufin Nginx lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke bayansa ce ba ta amsawa.

Daina tayar da ita da hannu. Sa ta ƙarƙashin PM2, manhajar da ke sake tayar da ita duk lokacin da ta mutu, ka buga umarnin pm2 startup, sannan pm2 save, ko an sake kunna sabar za ta tashi da kanta. Amma don Allah ka nemo abin da ke kashe ta. Duba pm2 logs (bayanan abin da ya faru da manhajar), ka duba dmesg (saƙonnin Linux), domin idan RAM ta ƙare Linux da kansa yake kashe ta.

Kar ka manta da faifai. Wata manhajar odar kaya da nake kula da ita a Wuse ta taɓa tsayawa cak ranar Juma'a, mai shagon na ta kira. Ina buga df -h don duba wurin da ya rage a faifai na ga ya cika 100%, fayilolin log sun cinye wurin kaf. Tun da na sa pm2-logrotate, mai share tsofaffin fayilolin log, hankalina ya kwanta.

Sannan ka samu mai gadi daga waje. UptimeRobot na leƙa shafinka duk minti 5 kyauta, da ya faɗi zai turo maka imel.